Dutsen Dala da Haɗurran Hawansa

Duwatsun tarihi irin su Dala da Goron Dutse a Kano, da Kufena a Zariya, suna cikin wuraren da makarantu kan kai ɗalibai ziyarar buɗe ido. Malamin da ya ɗebo yara daga Indabo ta ƙaramar hukumar Wudil domin ya nuna musu mazaunin Barbushe, amana ce ya ɗauko, don haka wajibi ne ya san halin dutsen kafin ya hau da su.

Abin lura na farko shi ne, Dala ba falalen dutse ba ne kamar Kufena. Tudu ne na marmara da jar ƙasa. Idan ruwan sama ya ratsa marmara, yakan wanke ƙasar da ke riƙe da ita, sai gefen tudun ya zaizaye, ya bar ɓaraguzai a rataye. Mutum zai ga wuri kamar mai ƙwari, alhali ƙarƙashinsa ya riga ya rarake. Gidajen da suka matso har gindin dutsen sun ƙara tsananta lamarin, domin duk abin da ya gangaro a kansu zai sauka. Shi kuwa Kufena, illarsa santsi ne idan ya jiƙa, da zafi idan rana ta take.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ranar Takutaha, wato mako guda bayan Mauludi, jama'a kan yi dafifi a kan Dala. Da yake lissafin wata ake bi, ranar tana zagaya shekara. A 2024 da 2025 ta faɗo cikin Satumba, ƙasa na jiƙe. Cunkoso a kan marmarar da ta sha ruwa ya fi kowane haɗari muni, ga kuma tsawa, wadda ta fi faɗa wa wuri mai tudu.

A ganina, ziyarar ɗalibai ta fi dacewa da hunturu, da hantsi. Malami ya fara zuwa shi kaɗai ya duba matakalar, ya tuntuɓi masu kula da wurin, ya saurari hasashen hukumar NiMet. Ranar tafiya a raba yara rukuni-rukuni, babba a gaba, babba a baya, kada kowa ya bar matakala ko ya matsa bakin gaɓa. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, sai a fara saukowa tun kafin iska ta taso.