Yawon Buɗe Ido Daga Ƙofar Gida Yake Farawa

Yau filin namu zai yi magana ne a kan yawon buɗe ido. Da yawa daga cikinmu in aka ambaci wannan abu sai hankalinsu ya tafi ga jirgin sama da ƙasashen Turawa, su ce wannan ai sha'anin masu kuɗi ne. To, ba haka ba ne. Ke da ke zaune a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, kina da abin kallo da abin nuna wa 'ya'yanki wanda ba ya bukatar fasfo.

Bari mu fara da misali daga nesa. A Bukares, babban birnin ƙasar Romaniya a Turai, baƙi sukan je kallon ginin majalisar dokoki, wani ƙasaitaccen gini da aka fara a 1984, bayan an rushe tsofaffin unguwanni an tashi dubban mutane. Amma akwai wani wuri da ya fi shi darasi a gare mu, watau gidan tarihin ƙauye da aka buɗe a 1936. Mutanen ƙasar sun bi ƙauyukansu suka kwance gidajen manoma na katako, suka kawo su birni suka sake haɗa su, da tukwanensu da masaƙarsu da shimfiɗunsu. Yau mutane na biyan kuɗi don su ga irin ɗakin da kakannin Romaniyawa suka kwana. Abin da wata za ta kira tarkace, su sun ɗauke shi dukiya. To mu fa, me muke da shi?

Ƙaura Namoda

Ki fara da sunan garin. Muhammadu Namoda jarumi ne daga gidan Alibawa na Zurmi, yana cikin manyan mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma da shi aka ci Alkalawa, birnin Gobir, a 1808. Shi ya kafa garin, kabarinsa kuma na cikin wuraren tarihi na Jihar Zamfara. Yarinya nawa ce ke rubuta sunan garin nan a bangon littafinta kullum ba ta san mai sunan ba?

Sai tashar jirgin ƙasa. A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, a nan kuma ya tsaya. Wannan ne ya mai da garin matattarar gyaɗa da auduga da fatu, ya jawo Yarabawa da Ibo da sauran baƙi suka zauna. Jirgi ya daɗe bai yi zirga-zirga irin ta da ba, amma tashar na nan. Ki nuna wa yaro ƙarshen dogon, ki gaya masa cewa daga nan ƙarfen ya miƙa har bakin teku a Ikko. Darasin labarin ƙasa ke nan wanda allo ba zai ba shi ba.

Ku 'yan makaranta, kada ku manta da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983. Ku roƙi malamarku ta nemi izini ta kai ku ku ga ɗakin karatu da ɗakunan gwaje-gwaje. Yarinyar da ta ga 'yar'uwarta mace a babbar makaranta da idonta, ba ta bukatar dogon wa'azi a kan ilmi. Gani ya kori ji.

Zurmi

Ƙasar Zurmi ita ce mafarin Zamfara. A Dutsi, cikin yankin nan, sarakunan Zamfara na farko suka zauna tun kafin a gina Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a ƙarni na 18. A jerin sarakunan nan kuwa akwai mace, Sarauniya 'Yargoje. Masu tarihin baka sun ce ta yi mulki a ƙarni na 14, ta kuma mai da mazauninta Kuyambana. Akwai wata fitilar ƙarfe da ake danganta ta da ita, tana gidan tarihi a Gusau. In Allah ya kai ki Gusau biki ko asibiti, ki ware sa'a guda ki kai 'yarki ta gan ta. Muna jin labarin Amina ta Zazzau da Daurama, ga tamu nan a gida ba mu ambatonta.

Turawa masu yawon duniya ma sun bi ta Zurmi. Kilafaton ya ratsa a 1824 a tafiyarsa tsakanin Kano da Sakkwato, Barth kuma, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo a 1853.

Shinkafi

Abin kallon Shinkafi shi ne kasuwarta ta ran Alhamis, wadda ta yi suna wajen shanu da raƙuma da hatsi, fatake na zuwa mata har daga Nijar. Ciniki tsohon abu ne a wannan yanki, don Barth ya rubuta labarin kasuwar Badarawa, ya ce ya same ta cike da jama'a da auduga. Ga fadamu na shinkafa da albasa. Ga kuma Tubali, mahaifar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda har gobe ake sa waƙoƙinsa a rediyo.

Maganar hanya

Yanzu sai mu zo ga abin da ke zuciyar kowace uwa. Shekaru ke nan 'yan bindiga sun addabi wannan yanki. A 2021 har gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Saboda haka ba mu ce ki ɗauki yara ki nufi kufai ko dutse a daji ba. Kufan Kiyawa da Dutsi su jira har ƙura ta lafa. Abin da ke cikin garinku shi za ki fara da shi, da rana, da yardar maigida, tare da wani babba da ya san gari. Malamai kuma kada su fita da ɗalibai sai da sanin iyaye da hukuma. Rigakafi ya fi magani.

Amma akwai yawon da ba ya bukatar mota ko kaɗan. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun dawo cikin gari. Tsohuwar da ta baro ƙauyensu da ƙullin kaya a ka, ta zo da tarihin garin nan gaba ɗaya a bakinta. Ran da ta rasu, in ba wanda ya rubuta, shi ke nan an yi hasara biyu: ba gari, ba labarinsa.

Don haka ke 'yar makaranta, ki sami littafi guda na musamman. Bayan sallar la'asar ki zauna gaban Kaka ko Gwaggo ki tambaye ta: wa ya kafa garinmu? Yaya ake biki a da? Me ta gani ran da ta fara shiga jirgin ƙasa? Ki rubuta da sunan gari da ranar da aka gaya miki.

Ke kuma uwargida, ki duba ƙarƙashin gado da bayan rumbu. Mazari da abin gurzar auduga, da akushi, da ƙoren da aka yi wa zane, da tasoshin jere na uwarki, da zanen saƙi, kada ki bayar da su ga mai gwangwan a kan robar wanki. Ki wanke, ki adana, ki koya wa 'ya'yanki sunan kowane da amfaninsa. Mutanen Romaniya da haka suka fara, har ya zama wurin da duniya ke zuwa kallo.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, ya buɗe hanyoyinmu, mu kai 'ya'yanmu su ga ƙasar kakanninsu hankali kwance.