Me Ke Faruwa A Jikinmu Sa'ad Da Rai Ya Ɓaci?

'Yan'uwa, mukan ce "zuciyata ta tafasa" ko "gabana ya faɗi", sai ka ce a ƙirji abin yake farawa. Alhali kuwa daga kai yake tasowa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙullutu biyu, kowanne bai fi kwanson gyaɗa girma ba, likitoci na kiransu amigdala. Aikin maigadi suke yi. Da an zage mu, ko mun hangi abu mai kama da maciji da magariba, sai su buga ƙararrawa tun hankali bai tantance ko igiya ce ba.

Nan take sinadarin adirenalin ya kwararo cikin jini daga saman ƙoda. Zuciya ta ƙara gudu, hanta ta saki sukari, baki ya bushe, jini ya bar ciki ya koma hannuwa da ƙafafu. Wani masani a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya lura cewa kyanwa in ta fusata, cikinta yakan daina niƙa abinci, ya kuma buga littafi a kan wannan a 1915. Shi ya sa tuwo ba ya shiga ranar da aka yi cacar baki a gida.

Wannan shiri na gudu ne ko faɗa da kura. Matsalar ita ce, jiki bai san bambancin kura da ɗanmu da ya fasa tulu ba. Mun sha zama sulhu a majami'a, mu ji magidanci mai hankali yana cewa, "Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba." Da gaskiyarsa ta wani fanni, amma wannan bai wanke shi ba, gama ƙafar da ta kai shi wurin tana iya fitar da shi waje.

Wasu na cewa gara a amayar da fushi, a yi ihu, a huce. Masu nazarin halin ɗan Adam sun gwada, suka tarar ƙara hura wutar yake yi. Abin da ke lafar da jiki shi ne jan numfashi a fitar da shi sannu sannu, da barin wurin har bugun zuciya ya koma daidai.

Masu hawan jini su lura: binciken da aka buga a 2014 ya nuna hatsarin ciwon zuciya yakan ƙaru cikin awa 2 bayan fushi mai tsanani. In ƙirji ya ɗaure a lokacin, ba sammu ba ne, a garzaya asibiti.