"Da Ba Mu Sayar Da Shi Ba": Tsakanin Da-na-sani Da Ganganci

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo a Kano ko Kaduna ko Zariya, ko kuwa yakan saurari musun da ake tafkawa a majalisa bayan an tashi wasa, ya san akwai wata jimla da ba ta tsufa a bakin magoya baya: "Da ba mu sayar da wane ba, da yanzu ba wannan maganar ake yi ba." Magoya bayan Chelsea sun fi kowa riƙe ta, domin suna da sunaye biyu da suka daɗe suna ci musu tuwo a ƙwarya, wato Kevin De Bruyne da Mohamed Salah. Ni da yake sana'ata nazarin harshe ce, ginin jimlar ya fi ɗaukar hankalina, kuma a tawa fahimtar idan aka warware ta za a tarar abubuwa biyu ne mabambanta muke haɗawa muna kiransu da suna ɗaya.

Bahaushe yana da hanyoyi biyu na gindaya sharaɗi. Idan ya ce "in ka zo za mu tafi", ƙofa a buɗe take, abin yana iya faruwa. Amma idan ya ce "da ka zo da mun tafi", ya riga ya rufe ƙofar, yana zancen wata duniya ce da ba a yi ta ba. Daɗin wannan "da" ga mai magana shi ne babu mai iya ƙaryata shi. Illarta kuwa ita ce mutum yakan sauya abu guda cikin abin da ya wuce, sannan ya ɗauka sauran al'amura duk za su tsaya yadda suke.

Bari mu gwada wannan a kan De Bruyne. Chelsea ta sayo shi daga Genk ta ƙasar Beljiyam a Janairun 2012, daga baya ta ba da aronsa ga Werder Bremen ta Jamus. Da ya dawo, sau 3 kacal ya buga mata wasa a gasar Firimiya kafin ta sayar da shi ga Wolfsburg a Janairun 2014 a kan kimanin fam miliyan 18. A Jamus ne ya samu abin da Landan ta hana shi, wato fili da haƙurin koci, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan ƙasar a 2015. A shekarar ce Manchester City ta biya kimanin fam miliyan 55 ta ɗauke shi, ya ci mata kofin Firimiya sau 6 da kofin zakarun Turai na 2023, kafin ya koma Napoli a 2025.

Labarin Salah kusan ɗaya ne. A watan da De Bruyne ya fita, a watan Bamisiren ya shigo daga Basel ta Suwizalan. Wasanni 13 ya buga wa Chelsea a gasar Firimiya, ya ci ƙwallo 2. Aka tura shi aro Fiorentina a farkon 2015, daga nan sai Roma, wadda ta saye shi gaba ɗaya a 2016. Shekara guda bayan haka Liverpool ta ɗauko shi, ya zura ƙwallo 32 a gasar Firimiya a kakarsa ta farko.

To, mai karatu, wane Salah ne Chelsea ta sayar? Ai ba mai ƙwallo 32 ba ne. Wanda ta rabu da shi saurayi ne mai gudu kamar iska amma ƙafarsa ba ta zauna a gaban raga ba, yana ɗumama benci a bayan Eden Hazard da Willian da Oscar. Salah ɗin da ake kuka a kansa yau, Italiya ce ta ƙera shi cikin shekara biyu da rabi na wasa mako bayan mako. Da ya zauna, babu tabbacin zai zama shi. Kada kuma a manta cewa José Mourinho, wanda ake ɗora wa alhakin lamarin, ya ci kofin Firimiya a 2015 da waɗanda ya fifita. Idan Chelsea tana da laifi, to ba a sayarwar yake ba, a sayen yake: ta riƙa tara matasan da ba ta da gurbin sa su, har ta kai tana da fiye da 30 a hannun aro a kaka guda. Irin wannan tari na daga abin da ya sa FIFA ta fara ƙayyade yawan 'yan wasan da ƙungiya za ta tura aro ƙasashen waje daga 2022.

Wannan shi ne da-na-sani na haƙiƙa, kuma kalmar da kanta ta faɗi ma'anarta: ban sani ba a lokacin. Shi ya sa Hausawa suka ce da-na-sani ƙeya ce, sai an wuce ake ganin ta a baya.

(Akwai wani abu a jimlar da yake ba ni dariya, wato wakilin sunan nan "mu". Mutumin da bai taɓa taka Ingila ba, ba shi da ko sisi a ƙungiyar, sai ka ji ya ce "mun sayar da shi". Ba na raina wannan, domin da irin "mu" ɗin nan ake gina kowace jama'a. Sai dai na lura in an ci kofi "mu" ne muka ci, in cinikin ya ɓaci kuwa nan take a koma cewa "sun sayar mana da shi".)

Kashi na biyu shi ne wanda nake ganin ya cancanci fushin magoya baya, kuma bai kamata a kira shi da-na-sani ba, tunda an sani aka yi. Sunansa ganganci. A 2003 Real Madrid ta sayar wa Chelsea Claude Makélélé bayan taƙaddama kan albashi. Ba baƙo ba ne gare ta: da shi ta ci kofin Sifaniya a 2001 da 2003 da kofin zakarun Turai a 2002, kuma kowa a ɗakin sa kaya ya san shi ne yake kwashe wahalar tsakiyar fili domin su Zidane da Figo su sake. Laifinsa kawai aikinsa ba ya ɗaukar ido, rigarsa kuma ba ta ciniki kamar ta David Beckham da aka kawo a bazarar. Real ba ta sake ɗaga kofin Sifaniya ba sai 2007, shi kuwa ya ci na Ingila a 2005 da 2006.

Haka Barcelona ta yi wa Samuel Eto'o na Kamaru. Ya ci mata ƙwallo a wasan ƙarshe na zakarun Turai a 2006, ya sake ci a na 2009, a kakar da ya zura 30 a gasar Sifaniya. Makonni kaɗan bayan haka aka miƙa shi ga Inter Milan, aka ɗora kimanin yuro miliyan 46 a kai, domin a karɓo Zlatan Ibrahimović. A 2010 Inter ce ta fitar da Barcelona a wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗa kofuna uku, Ibrahimović kuma bai wuce kaka guda ba a can. Gaskiya ne Barcelona ba ta durƙushe ba, don ta sake cin kofin Turai a 2011. Amma wannan bai wanke cinikin ba. Ana auna shawara ne da abin da aka sani ranar da aka yanke ta, kuma ranar nan babu abin da ya ɓoyu game da Eto'o.

Batun Robin van Persie yana tsakani, ba zan daɗe a kansa ba. Arsenal ta san ko wane ne shi, tunda ƙwallo 30 ya ci mata a gasar Firimiya a kakar 2011/12. Sai dai saura shekara guda kwantiraginsa ya ƙare, ya kuma ƙi sabuntawa, alhali tun hukuncin Bosman na 1995 ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta cika yana iya tafiya ba a biya ƙungiyarsa komai ba. Sayarwar tilas ce. Abin da zaɓi ne shi ne sayar wa Manchester United, wadda ya ci wa ƙwallo 26 a gasar Firimiya ta ɗauke kofin 2013.

Abin da ya sa na damu da bambance waɗannan abubuwa shi ne, wani lokaci kukan magoya baya yakan shiga kunnen masu ƙungiya, su nemi gyara jiya da kuɗin yau. Manchester United ta bar Paul Pogba ya tafi Juventus a 2012 bayan kwantiraginsa ya ƙare, ta sayo shi a 2016 a kan fam miliyan 89, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasa ba a lokacin, sannan ya sake fita kyauta a 2022. Chelsea ta sayar wa Everton Romelu Lukaku a 2014 a kan fam miliyan 28, ta dawo da shi daga Inter a 2021 a kan fam miliyan 97.5. Ɗan wasan da Antonio Conte ya gina wa tsari na musamman a Milan ya faɗo cikin wani tsari dabam a ƙarƙashin Thomas Tuchel. Ƙwallo 8 ya ci a gasar Firimiya a kakar, kuma kafin shekara ta zagayo an mayar da shi Inter a matsayin aro.