Tsokar ƙirji da tamowa ke cinyewa a ɓoye

A Funtua, garin da masara ke cika tireloli, yaro na iya ƙoshi da koko kullum, tamowa ta kama shi. Wata ɓarnar ba a ganinta: tana bayan ƙashin ƙirji, a 'yar tsokar da likitoci ke kira taimus.

Nan ake tankaɗe ƙwayoyin T na garkuwar jiki. Kowace da irin ƙugiyarta. Wadda ba ta kama komai ba mutuwa take yi, haka ma wadda ta damƙi naman jikin mai ita da ƙarfi. Kusan kashi 95 cikin 100 ba sa fitowa.

Tamowa na tsuke wannan tsoka, sai ƙyanda ko gudawa su yi saurin kayar da yaro. Ko ya fara ƙiba bayan magani, taimus kan ɗauki ƙarin makonni kafin ya farfaɗo.