Kada Ka Ajiye Aikinka Don Ka Zama Marubuci

Na gaji da jin wata gurguwar shawara da ake cusa wa matasa, wai mai aikin ofis ko tsaron shago ba marubucin gaske ba ne, sai ya ajiye komai ya rungumi alƙalami. Ku bincika, yawancin masu faɗin haka albashinsu na shiga duk ƙarshen wata.

Wa zai ce Abubakar Imam ba marubucin gaske ba ne? Lokacin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne a Bauchi sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar. Ko da Imam ya koma Zariya, aikin albashi ne ya kai shi, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Chinua Achebe kuwa yana ma'aikacin gidan rediyo aka buga Things Fall Apart a 1958. Aiki bai hana ko ɗayansu ba.

Yau fa? Ka buga littafi da guminka, ɗan kasuwa ya karɓa bashi, ya riƙa tsakuro maka kuɗin har ka kasa bambance uwa da riba. Wadda ke sayar da nata ta WhatsApp kuma, mutum ɗaya zai biya, kafin magariba littafin ya zagaye zaurukan da ba ta ma san da su ba. Tsadar takarda kuwa ba a magana. A kan wannan za ka jingina kuɗin haya da cefane? Haba!

Don haka riƙe aikinka, ka yanka wa rubutu lokacinsa. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, shafi ɗaya kullum ya isa. Ajiye ƙaramin littafi a aljihu, domin hirar fasinjoji a cikin A Daidaita Sahu da rigimar masu ciniki a shagonka duk kayan labari ne. Amma kada ka saci lokacin wanda ke biyanka, wannan cin amana ne. Kada ka taɓa jarinka ko kuɗin makarantar yara don buga littafi. In mai shirya fim ya nemi labarinka, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko da amininka ne.

Mai zuga ka ka bar aiki, tambaye shi ko zai ɗauke maka cefanen wata ɗaya.