Cin Ribar Gida Ba Ko Sisi a Amurka: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

TikTok da YouTube sun cika da matasan Amurka masu ɗaga cek, suna cewa sun ci ribar gidan da ba su taɓa mallaka ba. Sana'ar kam akwai ta. Mutum zai nemo mai gidan da bashi ya yi wa katutu, ko wanda ya gaji tsohon gida ya rasa kuɗin gyara, su ƙulla yarjejeniyar saye da arha. Kafin ranar biya, sai ya sayar wa mai kuɗi a hannu wannan yarjejeniya.

Cewa ba sai an sayi gidan ba, gaskiya ne. Takardar ake sayarwa. Masu sayen kuwa galibi 'yan gyara-ka-sayar ne, kuma suna da lissafinsu: kashi 70 cikin ɗari na darajar gidan bayan gyara, a cire kuɗin gyaran. Misali, gidan da zai kai dala 200,000, gyaransa kuma dala 30,000, ba za su wuce dala 110,000 ba. Mai neman ribar dala 10,000 sai ya shawo kan mai gida ya sallama a 100,000.

Batun "ba ko sisi" kuwa, nan aka yi ƙari. Akwai kafin alƙalami, wanda kan salwanta idan mai saye bai samu ba. Akwai kuɗin talla, na wasiƙu da allunan bakin titi da sayen lambobin waya. Dokar tarayya ta 1991 kan kiran talla ma ta bai wa wanda aka dama damar neman diyyar dala 500 a kan kowane kira ko saƙon da ya saɓa mata.

Masu cewa ba ruwan kowa da lasisi, labarinsu ya tsufa. Tun 2019 jihar Illinois ta ce wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya cikin wata 12 sai da lasisin dillanci. Oklahoma ta bi sahu a Nuwamban 2021, birnin Filadelfiya ma ya ƙirƙiro nasa lasisin.

Sai iƙirarin cewa taimakon mai gida ake yi. Wanda ke gudun banki ya ƙwace masa gida yakan amfana da saurin cinikin, amma ba kullum ba. A 2023 kafar bincike ta ProPublica ta bankaɗo yadda wasu masu aiki da sunan kamfanin HomeVestors suka yaudari tsofaffi da marasa lafiya suka sayar da gidajensu a wulaƙance. Bayan rahoton shugaban kamfanin ya sauka, kamfanin kuma ya bai wa masu gida kwana uku su fasa ciniki bayan sa hannu.