5-HTP: Ƙarin Abinci ko Magani?

Maigadi ko direban tirela da barci ya ƙaurace wa a Fatakwal, Inugu ko Anaca, ba wuya a miƙa masa kwalbar 5-HTP a ce, "Ai na itace ne." Gaskiya ne. Daga 'ya'yan wani tsiro mai yaɗo ake tatso shi, Griffonia simplicifolia, wanda ke fitowa a dazuzzukan Gana, Togo da Kwaddibuwa. In ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya zama sinadarin serotonin, mai hannu a walwala da jin ƙoshi, daga shi kuma jiki ke yin melatonin na barci.

To, mu ɗaliban fassara, a nan gizo ke saƙa. Masu sayarwa sun sa shi a rukunin da muke fassarawa da "ƙarin abinci". Ni dai ban gamsu da wannan fassara ba, domin Bahaushe in ya ji an ce abinci, ba ya tambayar adadi. Alhali mai shan maganin ciwon damuwa irin fluoxetine, ko mai shan taramol, in ya haɗa da shi, serotonin na iya yi masa yawa: gumi, karkarwa, bugun zuciya, har a kwashe shi zuwa asibiti. Shi ya sa nake rubuta "magani", ko mai saye zai fara tuntuɓar likita.